Muryar Suruki a Bakin Sarkin Masu Haure

Ka taɓa kwaikwayon maganar surukinka a bayan idonsa? Kada ka yi saurin rantsuwa. Cikin maza goma, bakwai sun taɓa, biyu za su yi nan gaba, ɗayan kuwa bai yi aure ba tukuna. Bambancinsu da Lasifika shi ne, su a gaban abokai biyu ko uku suka yi nasu, aka yi dariya aka watse. Shi kuwa a gaban makirufo ya yi, aka naɗa, aka zuba a wayoyin mutum dubu goma sha ɗaya.

Lasifika mai sanarwa ne a babbar tashar mota. Shekara goma sha shida ke nan yana zaune a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, taku huɗu tsawonsa, taku uku faɗinsa, yana faɗa wa jama'a motar da za ta tashi, da wadda ta makara, da jakar da aka manta a kan benci. A rana yakan yi sanarwa ɗari da ashirin, ranar Litinin har ɗari da hamsin. Wata rana aka ɗauke wuta, sai ya buɗe tagar ya ci gaba da baki, kuma babu fasinjan da ya lura an sami canji. Daga ranar sunan ya bi shi. Baiwarsa ta biyu ita ce kwaikwayo. Direbobi ashirin da uku ne a tashar, babu wanda bai iya muryarsa ba, har da mai in'ina. Ya taɓa korar masu talla daga bakin ofis da muryar manaja alhali manaja yana hutu.

A haka wata mata mai gilashi ta ji shi, tana jiran motar da ta makara da minti arba'in. Ta leƙo tagar ta ce tana da ɗan kamfani na wasannin waya, kuma suna neman murya.

"Wace iri, Hajiya? Ina da ashirin da uku a hannu, ban da manaja."

"Ta dodo."

"Ai manajan ke nan."

Kamfanin ɗaki uku ne a saman wani shagon gyaran waya, matakala ashirin da biyu daga titi. Ɗakin ɗaukar murya a da sito ne, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai sittin da huɗu da katifa biyu. Mai zanen kamfanin, wani dogo da suke kira Fensir, ya zaunar da shi gaban kwamfuta ya nuna masa duniyar da suka ƙaga. Jinsi huɗu ne a cikinta. Akwai mutane, su ne mai wasa yake zama. Akwai Masu Dogon Kunne, farare sol, suna zaune a birni a ƙololuwar bishiyoyi, da ɗakunan karatu tara da maɓulɓular ruwa a tsakiya. Akwai 'Yan Jela, fatake ne, kullum suna murza hannu suna tsuga farashi. Sai Masu Haure, koraye, ƙattai, ba riga ba takalmi, suna zaune a bayan duwatsu, aikinsu su tare hanya a kashe su.

"Sarkinsu za ka yi," in ji Mai Kamfani. "Layi arba'in da ɗaya ne."

Ya yi gurnani. Ta ce ya yi kama da kare. Ya ƙara kauri. Ta ce ya yi kama da mai ciwon maƙogwaro. Sau goma sha huɗu ana naɗa ana gogewa, gumi yana bin bayansa, domin kwalin ƙwai yana hana ƙara fita amma yana hana iska shiga. Fensir ya ce cikin lasifikar kunne, "Oga, ba dabba muke so ba. Muna son wanda da ka ji shi ka san ba ɗan gari ba ne. Ɗan ƙauye, mai taurin kai, irin wanda ba ya gane magana."

To, a nan Shaiɗan ya matso kujerarsa. Surukin Lasifika mutumin bayan duwatsu ne na gaske, daga can inda hanyar kwalta take ƙarewa. Mutanen can suna jan ƙarshen kalma, suna magana a hankali kamar masu auna hatsi, kuma 'yan birni sun daɗe suna yi musu dariya a mota da kasuwa. Tsohon kuwa yana da nasa ƙari. Kafin ya ce komai sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya yi tsaki gajere, sannan ya ce, "Ɗan mutum, tsaya nan." Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injinan famfo a ma'aikatar ruwa, kuma da wannan kalma yake tsayar da kowa, daga lebura har injiniya.

Lasifika ya rufe ido. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya yi tsaki.

"Ɗan mutuuum, tsaya naaan. Yau namanka nawa neee."

Fensir ya faɗo daga kujera don dariya. Mai Kamfani ta tafa ta ce, "Shi ke nan! Kada ka canza ko numfashi." Cikin minti hamsin suka gama layi arba'in da ɗaya. Ya sauko matakalar yana fito, ya hau mota ya koma aiki, ya manta.

Wata biyar bayan haka wasan ya fito, kuma ya karɓu. Rana ta farko da ya ji muryar tana fitowa daga aljihun wani kwandasta, ransa ya yi fari. Rana ta uku matarsa ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta ajiye jaka, ba ta cire takalmi ba. Kowa Malama yake ce mata, har shi.

"Na ƙwace waya huɗu a aji yau," ta ce. "Ka san wa ya yi mini magana daga cikinsu? Ubana. Ubana ne yake ce wa 'yan aji biyar zai cinye su."

"Malama, ai murya kama take yi…"

"Tsakin ma kama ne? Ni za ka gaya wa tsakin da na tashi da shi?"

Ta zauna a hannun kujera ta fara lissafa masa da yatsu, kamar yadda take yi wa ɗalibai. Baba zai zo ranar Asabar. Za a yi masa aikin yana a ido biyu, na dama ranar Talata, na hagu bayan sati biyu. Shekara uku tana lallashinsa kafin ya yarda, domin ya ce ba zai kwana a birnin da ake masa dariya in ya tambayi hanya ba. "Idan ya ji wannan abin, ka san shi. Jakarsa zai ɗauka ya tafi da ido ɗaya, kuma ba zai sake dawowa a yi na biyun ba. Ranar da ya fita daga gidan nan, ni ce zan riƙe masa jakar. Ka ji ni da kyau?"

Ya ji ta da kyau. Kwana ashirin da ɗaya ne tsohon zai yi, kuma Lasifika ya ɗaura ɗamarar tsare kunnuwansa kamar mai gadin banki. Ya goge wasan daga waya uku na gidan. Ya bi maƙwabta shida ƙofa ƙofa yana roƙon a rage ƙara. Mai shagon ƙasa ya ce sai ya yi masa muryar sau ɗaya tukuna, ya yi masa da raɗa yana waige-waige. Ya hana tsohon biyowa ta tasha, ya je ya taro shi da tasi tun daga mararraba.

Baba ya iso da jaka ɗaya da sanda da akwatin sufanu, wanda ba ya tafiya ko'ina sai da shi. Kafin ya sha ruwa ya gyara famfon kicin da ya shekara biyu yana ɗiga, da laluben hannu kawai. Lasifika ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Tsohon ya yi gyaran murya sau biyu, ya yi tsaki, ya ce, "Ɗan mutum, tsaya nan. Kai ne ka ɗaure famfon nan da leda?" Lasifika ya ji layi arba'in da ɗaya suna yi masa yawo a ka.

Aikin idon dama ya yi kyau. Kwana takwas suka wuce lafiya lau. Rana ta tara suka koma asibiti a duba idon, suka zauna a layin jira, su ne na goma sha bakwai. Gida mutum yake iya tsarewa, ba ɗakin jiran asibiti ba. Wata mata mai jiran mahaifiyarta tana gefen tsohon, wayarta a kwance a hannu biyu, tana fama da wani wasa. Sai ga shi nan tiryan-tiryan, gyaran murya biyu, tsaki ɗaya.

"Ɗan mutuuum, tsaya naaan."

Baba ya juya kansa a hankali wajen ƙarar. Ya saurara. Aka yi ƙarar takobi, aka yi wani nishi, matar ta ce, "Yawwa, na kashe ɗan banza!" Tsohon ya yi gyaran murya sau biyu, ba da gangan ba, haka Allah ya yi shi. Ya yi tsaki. Ya ce, "'Yar mutum, tsaya nan. Wa kika kashe?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani mai bandeji a ido ya nuna shi yana cewa, "Wallahi Sarkin Masu Haure ne! Baba, ƙara yi!" Wata nas ta toshe baki da fayil. Matar ta ce, "Baba, don Allah mu yi hoto." Lasifika ya nemi ƙasa ta tsage, amma tayil ne.

Tsohon bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu aka ba shi wayar, ya kawo ta dab da sabon idonsa, ya daɗe yana kallon ƙaton kore mai haure kwance cikin ƙura. Ya mayar mata ya ce ya gode. Aka kira su, aka duba, aka sallame su. A cikin tasi, wajen fitilar hanya ta uku, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Mutum ɗaya ne a garin nan ya zauna da ni har ya san tsakina."

"Baba, ni…"

"Sau nawa ake kashe ni a rana?"

Da suka isa gida ya wuce ɗaki ya fara naɗe kayansa. Malama ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi mijinta sau ɗaya, ta je ta ɗauko mayafinta. Lasifika ya durƙusa a tsakar ɗakin yana ba da haƙuri da muryarsa ta gaske, wadda shi kansa ya kusa mantawa da ita. Tsohon ya zuge jaka ya ce motar ƙarfe huɗu zai bi. Amma kafin nan yana so a kai shi wurin waɗanda suka ƙera abin, domin bai taɓa barin inji ba tare da ya ga wanda ya haɗa shi ba.

Matakala ashirin da biyu, tsohon ya hau su da sanda, ya huta sau biyu. Malama tana biye da jakar. Mai Kamfani ta miƙe da fara'a, har ya yi gyaran murya, sai fara'ar ta tsaya a inda take. Fensir ya ɓoye fensirinsa a bayansa kamar shi ne makamin.

"Ku nuna mini ƙasar," in ji Baba.

Aka buɗe masa taswira a babban allo. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya tambayi gidajen Masu Haure nawa ne. Fensir ya ce bukkoki goma sha biyu. Masu ƙofa nawa? Babu. Mata nawa? Fensir ya sosa ƙeya, ya ce ba su kai ga zana mata ba. "To bishiya ce take haifar su?" Makaranta? Babu. Mai sana'a? Akwai mai wasa gatari. Daga nan ya sa aka kunna masa muryar Masu Dogon Kunne, ya ce wannan ai mai karanta labarai ne a talabijin. Aka kunna ta 'Yan Jela, ya saurara sau biyu, ya juyo ya ƙare wa Fensir kallo da idonsa ɗaya.

"Wannan maganar mutanen bakin teku ce. Kai ma bakinka na can ne, tun da ka gaishe ni na ji. Kai ka sa wa danginka jela?"

"Baba, ai ba su ba ne. Ƙirƙira ce kawai. Haka ake yi a duk wasannin da muka tashi muna bugawa. Dole a sami masu ilimi, a sami masu wayo, a sami… a sami…"

"Faɗi mana."

Mai Kamfani ta ce wallahi ba su nufi kowa ba. Tsohon ya ce ya yarda, shi ma bai taɓa ganin bututun da ya yi nufin fashewa ba, amma titi yana jiƙewa. Ya koma kan taswirar. Ya ɗora yatsa a kan maɓulɓular ruwan da ke tsakiyar birnin bishiyoyi.

"Wannan ruwan daga ina?"

"Daga kogi, Baba."

"Kogin daga ina?"

Fensir ya bi shuɗin layin da yatsa, ya bi, ya bi, har ya tsaya a bayan duwatsu, a tsakiyar bukkoki goma sha biyu.

"Madalla. Bishiyar nan tsawonta nawa?"

"Kamar bene hawa talatin."

"Ɗan mutum, tsaya nan. Ruwa ba ya hawa bishiya don an karanta masa littafi. Hawa talatin, kana bukatar inji uku aƙalla, da tanki a tsakiya, da wanda zai tashi da asuba ya duba mai, ya share matata, ya saurari ƙarar inji ya san ko lafiya. Su wa ke zaune a bakin ruwan? Waɗannan marasa rigar. To su ne suke ba masu kunnen nan ruwa, ku kuma kun tura yara su kashe su. Duk wanda ya ci wasan nan naku, ƙishirwa ce za ta kashe birnin cikin kwana uku."

Mai Kamfani ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Ta jawo takarda. "Baba, ƙara faɗi. Inji nawa?"

Awa ɗaya da minti ashirin ya yi yana faɗi. Fensir ya cika takarda tara. Aka zana gidan inji a bakin kogi, da ƙofa, da kwaɗo. Aka zana wata ƙatuwar mai haure da sufana a kafaɗa, tsohon ya ce a rage mata hauren, ta yi kama da kishiyar giwa, a kuma sa mata riga mai aljihu domin babu makanikin da ke aiki ba aljihu. Fensir da kansa ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko za a iya samun ɗan Jela guda da yake sayar da kaya a kan farashinsu. Mai Kamfani ta ce a sami uku. Ta ce sabon babi za su yi, inda ruwan birni zai ɗauke, mai wasa ya ajiye takobi ya je ya yi sallama a ƙofar Sarkin Masu Haure. Wanda ya riga ya kashe shi kuwa, sai ya ɗauki bokiti. Amma fa ana bukatar layi sittin sababbi. Ta dubi Lasifika.

"A'a," in ji tsohon. "Wannan jabu ne. Tsakinsa ya yi tsawo, kuma ni ba na jan magana haka sai in ina magana da wawa. In muryata kuke so, ga mai ita."

"Baba, ai sai an karanta daga takarda," in ji Malama. "Da ido ɗaya ba za ka iya layi sittin ba."

Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata. Lasifika, wanda ya san lokacin tashin kowace mota a garin, ya san cewa in an sauka yanzu za a sami ta ƙarfe huɗun, ya kuma kame bakinsa kamar an ɗinke. Tsohon ya dubi agogon, ya dubi takardu taran, ya dubi surukinsa tun daga hula har takalmi.

"Yaushe ne na hagun?"

"Talata mai zuwa, Baba," in ji Malama.

"To a yi. Kai kuma ɗauki jakar nan daga hannun 'yata, ba ka ga ta yi mata nauyi ba? Kuma kafin idon ya warke, kai za ka riƙa karanta mini layukan. Da muryarka. In kana da ita."

Lasifika ya rungumi jakar kamar jariri, ya sauka matakalar a gaba yana share hanya. An yi aikin idon hagu ranar Talata, kuma tsohon bai koma gida ba sai da ya yi kwana arba'in da biyu, ya naɗi layi sittin da uku, ukun nasa ne ya ƙara a kan yadda ake kula da matatar ruwa. Har yau bai ce ya yafe ba. Amma da zai tafi ya bar wa Lasifika sufana lamba goma sha huɗu, kuma Malama ta ce ko yayanta bai taɓa samun wannan ba.

Yanzu saura kai. Ɗauko wasan da ka fi so mai irin waɗannan jinsunan, ka kifa wayar a kan tebur, ka bar kunne kawai ya yi aiki na minti goma. Riƙe takarda da biro. Duk wanda ya yi magana, rubuta su wa ka sani masu magana haka, sannan ka juyo wayar ka duba ko an ba shi riga da ƙofa da sana'a. Gwada yau, ka ƙirga da kanka.